Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabar Makarantarmu da Ƙungiyar Iyaye da Malamai: A Dawo Mana da Darasin Karatu

Zuwa ga Hajiya Shugabar makaranta, da mataimakanta, da iyayenmu shugabannin Ƙungiyar Iyaye da Malamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya'ya ga iyayensu, muna fatan kuna cikin ƙoshin lafiya ku da iyalanku, muna kuma roƙon Allah ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da mu dare da rana. Ni ɗaliba ce a aji shida, ɓangaren kimiyya, kuma na rubuto ne a madadin 'yan Ƙungiyar Karatu ta makarantar nan da sauran 'yan'uwana na aji biyar da aji shida, waɗanda muka zauna muka tattauna, suka amince in ɗauki alƙalami da yawunsu. Mun fara kai kokenmu ta hannun malamar ajinmu, sannan ta hannun shugabar ɗalibai kamar yadda dokar makaranta ta tanada, amma har zango ya raba ba mu ji amsa ba. Wannan ne ya sa muka rubuta a fili, domin iyayen da ba sa samun halartar taro su ma su ji abin da ke damun 'ya'yansu. Mun sakaya sunan makaranta da sunayen malamai, saboda mutuncinsu namu ne.

Ranku ya daɗe, a farkon wannan zango an manna sabon jadawalin darussa a allon sanarwa, da muka duba sai muka ga darasin karatu da muke yi sau biyu a mako ya ɓace, an sa bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa a gurbinsa. A makon kuma aka kwashe littattafan laburare aka zuba a kwalaye aka kai sito, aka mayar da ɗakin wurin koyon rubuta jarrabawa da kwamfuta. Bayan haka aka fara sayar mana da takardun taƙaitawa maimakon littattafan adabin da ke cikin manhaja, sannan aka aiko wa iyayenmu takardar kuɗin bikin yaye ɗalibai tare da samfurin atamfar anko.

Mun san ba da mugun nufi aka yi waɗannan sauye-sauye ba. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya da kwamfuta, kuma mun ga yayyenmu da suka je cibiyar jarrabawa hannunsu na rawa saboda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Mun kuma san da sakamakon WAEC da NECO ake auna ƙoƙarin kowace makaranta, kuma idan ya yi muni Shugaba ce ke amsa tambaya. Saboda haka muna godiya da kwamfutocin, muna kuma amfani da su. Kokenmu shi ne abin da aka sadaukar domin a samar musu wuri da lokaci, wanda a ganinmu ya fi ƙarfin a sadaukar da shi ba tare da an ji ta bakin waɗanda abin ya shafa ba.

Koke na farko, wanda ya fi kowanne nauyi a zukatanmu, shi ne darasin kansa. Wanda bai taɓa zama a cikinsa ba zai iya ɗaukarsa hutu ne da aka raɗa wa suna mai daɗi, domin ba a rubutu a allo, ba a ba da maki, ba a kuma karɓar littafin aiki. Malama takan shigo da littattafai, mu zauna uku-uku a kan kwafi ɗaya tunda ba su isa ba, ɗaya ta miƙe ta karanta shafi ɗaya ko biyu da murya, sannan a tsaya a tattauna abin da aka ji. Wani lokaci ƙagaggen labari ne na Hausa, wani lokaci na Turanci, wani lokaci kuma tarihin wani bawan Allah ne da Malama ta ga ya dace mu sani. A duk tsawon mako, cikin wannan darasi na minti 40 ne kaɗai ake tambayar ɗaliba ra'ayinta, a kuma saurara har ta kai aya. A sauran darussa amsa ɗaya ce daidai, tana kuma bakin malami ko bayan littafi, aikinmu mu gano ta mu maimaita. Ba mu ce wannan laifi ba ne, lissafi da kimiyya haka suke tafiya, amma yarinyar da ta shekara shida a sakandare ba a taɓa tambayarta abin da take gani ba, za ta fita ne ba ta san tana da ra'ayi ba.

Ku ba ni dama in yi misali da kaina, ba don labarina ya fi na kowa ba, sai don shi na fi sani. Mahaifina tela ne, kuma tun ina ƙaramar sakandare duk wanda ya ga katin sakamakona sai ya ce likita za a yi, har ni ma na riƙa faɗa kamar ni na zaɓa. Muna aji biyar Malama ta kawo mana tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, muka karanta yadda wajen shekarar 1807, ana tsakiyar samun nasara, ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ya ga son dukiya da mulki ya fara shiga zukatan mutane, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya zauna yana karantar da su, ya kuma rubuta musu littafi a kan yadda ake shugabanci. A mako na gaba muka karanta rayuwar Malam Aminu Kano, wanda ya fara da aikin koyarwa, ya jagoranci NEPU da PRP, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, amma ya rasu a 1983 bai bar abin da za a kira dukiya ba, sai gidansa na Gwammaja da kowa ya san irin sauƙinsa. Aji ya rabu biyu a ranar. Wasu suka ce wannan ƙana'a ce, wasu suka ce ai iyali ma suna da haƙƙi, Malama kuwa ba ta yanke hukunci ba. Abin da ta yi shi ne ta ce kowa ta raba shafi gida biyu, a gefe ɗaya ta rubuta abubuwan da idan ta rasa su za ta cutu da gaske, a ɗaya gefen kuma abubuwan da take so saboda ta gani a hannun wata. Ta ce ba za ta karɓa ba, ba za ta kuma duba ba.

Da na gama sai na ga gefen farko bai kai rabin shafi ba, na biyu kuwa ya cika har ya juya baya, kuma kusan duk abin da ke ciki zan iya faɗin wadda na gani a jikinta ko a wayarta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da na zo kan karatun likita hannuna gefe na biyu ya nufa. Daga nan na fara lura da kaina, na gane abin da ke faranta min rai shi ne in zauna da ƙannena da yaran maƙwabta bayan magariba in yi ta yi musu bayani har in ga fuskarsu ta washe. Ban bar kimiyya ba, ina son ta, amma yanzu na san koyar da ita nake so in yi, kuma na daina jin nauyin hijabina guda biyu da takalmin da mahaifina ya ɗinke min bakinsa. Babu tambayar jarrabawar da za ta kai ni nan. Littafi ne da aka karanta a hankali, da malamar da ta bar mu muka yi tunani, da 'yan aji da suka yi min gardama.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai 'yar ajinmu mai in'ina wadda a da ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai, a wannan darasi ta fara karanta layi uku, ta kai ga shafi, yau tana cikin masu wakiltar makarantar nan a muhawara. Akwai wadda ta gano tana iya tsara waƙa, akwai kuma wadda ta fara faɗin abin da ke damunta a gida ta hanyar magana a kan tauraruwar wani labari, Malama ta fahimta ta ja ta gefe. Ƙannenmu da suka shigo aji huɗu a bana ba su ɗanɗani ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma idan jadawalin ya ci gaba a haka za su fita daga makarantar nan ba su taɓa sauke littafi guda daga bango zuwa bango a cikin aji ba.

Koke na biyu shi ne takardun taƙaitawa. 'Yan shafuka ne da aka jera jigo da taurari da salo da zubi, aka kuma kawo tambayoyin da ake sa ran za su fito tare da amsoshinsu. Yanzu za ku iske ɗaliba tana zuba bayanin babban jigo da ƙananan jigogin littafin da ba ta taɓa riƙewa ba, idan kuma aka tambaye ta dalilin da ya sa tauraron ya aikata abin da ya aikata sai ta yi shiru, domin wannan ba ya cikin takarda. Iyayenmu, da yawanku kun yi karatun zaure, kun san babu malamin da zai miƙa wa almajiri taƙaitawar Ahalari ko Risala ya ce masa ya sauke. Layi-layi ake bi, malam na fassarawa, almajiri na biyawa, har a kai ƙarshe, kuma a wannan tafiya ce ilimin ke zama a ƙirji. Ba mu ga dalilin da zai sa littafin boko ya zama shi kaɗai ake tsallakewa a ce an san shi ba.

Ko da jarrabawar ce kaɗai abin dubawa, wannan hanya cutar da mu take yi. Takardar Turanci ta WAEC da ta NECO suna da insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, kuma duk a kan rubutun da ɗaliba ba ta taɓa gani ba ake yin su. Yaya wadda aka saba taƙaita mata za ta iya taƙaita wa kanta? Takardar adabin Turanci tana kawo waƙa da zube waɗanda ba sa cikin littattafan manhaja, musamman domin a gane wanda ya iya karatu da wanda ya yi hadda. JAMB ma takan ware ƙagaggen littafi guda ta wajabta wa duk mai rubuta jarrabawarta, ɗan kimiyya ne ko ɗan adabi. Hatta tambayar lissafi da ta ilimin halittu sai an karanta an fahimta kafin a amsa, kuma malamanmu da kansu sukan koka cewa da yawanmu ba aikin ne ke kayar da mu ba, rashin gane abin da aka tambaya ne. Kwamfuta tana koya wa ɗaliba inda za ta danna, amma ba ta ƙara mata saurin karatu ko fahimta, alhali agogon jarrabawa ba ya jiran mai haɗa baƙi. Ga kuma batun kuɗi: takardun nan kowane zango sai an sayi sababbi, kafin hutu sun yayyage an ƙunshe gyaɗa da su, littafi guda kuwa idan aka kula da shi aji bayan aji za su gaje shi.

An faɗa mana a taron safe cewa 'yan matan yanzu ba sa son karatu, sai waya, don haka darasin ɓata lokaci ne. Da ladabi muke cewa wannan magana ba ta yi mana adalci ba. Duk wanda ya leƙa wayar yayyenmu da iyayenmu mata zai iske littattafan Hausa ana tura su babi-babi ta WhatsApp, ana jiran ci gaba kamar ana jiran albashi, gidajen rediyo kuma suna da shirye-shiryen karanta littattafai da mata ba sa bari su wuce su. Tun shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, mata ne kan gaba wajen rubuta shi da karanta shi. Ƙishirwar karatu tana nan ba ta je ko'ina ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne babba mai ilimi da zai zauna da mu ya nuna mana yadda ake bambance rubutu mai kyau da maras kyau, da yadda ake tambayar marubuci maimakon a haɗiye duk abin da ya kawo. A cikin abin da ke yawo a waya akwai mai amfani, akwai kuma wanda ba komai a cikinsa sai gidaje masu hawa da motoci da lefe akwati goma sha biyu, wanda idan yarinya ta yi ta sha ba tare da mai yi mata jagora ba sai ta raina gidan ubanta. Idan makaranta ta janye daga fagen karatu, ba karatun za a daina ba, da waɗannan za a bar mu.

Kuma karatu tare ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar waƙoƙin da jajoji, wato malamai mata da ta horar, ke kaiwa ƙauyuka ana karantawa ana biyawa a cikin taro ta ilimantar da mata. A 1933 kuma Hukumar Fassara da ke Zariya ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, saboda an lura makarantu sun fara yaye masu iya karatun boko amma babu abin da za su karanta. Cikin waɗanda suka shiga gasar akwai matasan malaman makaranta irin su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya. Tun a wancan lokaci an gane cewa koya wa yaro haɗa baƙi ba tare da an ba shi littafi ba rabin aiki ne. Abin takaici ne a ce bayan shekara 90 littattafan sun samu, amma mu muka kulle su.

Wannan ya kawo mu ga koke na uku, wato laburare. Siton da aka kai littattafan shi ne inda ake ajiye karyayyun kujeru, rufinsa na yoyo, kwalayen kuma a ƙasa suke. Idan damina ta same su a haka, abin da ruwa ya bari gara da ɓeraye za su ƙarasa. A cikinsu akwai tsofaffin bugu na Zariya da ba kasafai ake samunsu a kasuwa ba yanzu, akwai kuma waɗanda tsofaffin ɗalibai suka ba da kyauta da sunayensu a bangon ciki, amana ce a hannun makaranta. Wataƙila a ce akwai laburaren gwamnati a cikin gari. Akwai, amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake lissafawa a kowane gida, kuma iyaye ƙalilan ne za su bar 'yarsu ta tsallaka gari bayan an tashi daga makaranta. Da yawanmu idan mun koma gida girki ne da wanke-wanke da rainon ƙanne, wasu har da talla, ɗaki ɗaya ake kwana da yara, wuta kuma sai an ga dama. Ga irin waɗannan, ɗakin nan da aka rufe shi ne kaɗai wuri mai shiru da suka taɓa samu.

Koke na huɗu shi ne bikin yaye ɗalibai, kuma muna faɗinsa ne da sanin cewa mu za a yi wa bikin. Duk lokacin da Ƙungiyar Karatu ta nemi a ƙaro kwafin littattafai, amsar da ake ba mu ita ce babu kuɗi, kuma bai kamata a ɗora wa iyaye nauyi ba. Mun yarda da wannan. Sai ga takarda ta zo da kuɗin anko da na rumfa da kujeru da mai ɗaukar hoto da mai kiɗa, ban da ɗinki da lalle da kwalliya da kowace za ta yi wa kanta don kada a raina ta. A ajinmu akwai wadda mahaifiyarta ta karɓi ɗaukar adashin da take tarawa domin kuɗin rajistar jarrabawa ta ba da na anko, akwai marayu da suka riga suka yanke shawarar za su ce ba su da lafiya ranar. Shekara shida muna sa tufafi iri ɗaya, 'yar mai kuɗi da 'yar talaka ba a bambance su sai an tambaya, sai a ranar rabuwa ce makaranta da kanta za ta nuna wa kowa matsayin gidansu. Ba mu ƙi murna ba, walimar sauka al'adarmu ce, kuma mun cancanci a taya mu farin ciki. Amma makarantar da ta karantar da mu rayuwar Malam Aminu ba ta kyauta ba idan darasinta na ƙarshe a gare mu ya zama gasar atamfa. Mun ji ma wasu gwamnatocin jihohi sun fara taka wa irin waɗannan bukukuwa burki saboda nauyin da suke ɗora wa iyaye, zai fi mana daraja mu gyara da kanmu kafin a zo a gyara mana.

Abin da ya ƙara mana tsoro shi ne, abin da aka cire daga jadawali da sunan na ɗan lokaci ba ya saurin dawowa. An cire darasin Tarihi daga manhajar matakin farko a ƙasar nan wajen shekarar 2009, sai da aka fi shekara goma kafin a dawo da shi, bayan yara masu ɗimbin yawa sun wuce ba su same shi ba. Idan aka bar darasin karatu ya shekara biyu ba ya nan, waɗanda suka san daɗinsa sun fita, malamar da ke riƙe da shi wataƙila an yi mata canjin wurin aiki, babu kuma wanda zai sake tambaya.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a dawo da darasin karatu cikin jadawali daga zango mai zuwa, ga kowane aji, na kimiyya da na adabi. Idan sau biyu a mako ya yi yawa a bana, mun yarda da sau ɗaya, muddin ba za a riƙa aronsa ba duk lokacin da wani darasi ya makara. Koyon kwamfuta ana iya yin sa rukuni-rukuni bayan tashi ko safiyar Asabar ga 'yan aji shida, tunda kwamfutocin ma ba sa ɗaukar aji guda a lokaci ɗaya, kuma a halin yanzu rabin aji zaman jira suke yi. Muna kuma roƙon a sa ƙa'ida cewa kowane aji zai sauke littafi ɗaya na Hausa da ɗaya na Turanci a kowane zango, kuma kada a mayar da darasin na maki, domin ranar da aka sa masa maki ranar za a fara sayar da taƙaitawarsa.

Muna roƙon a fito da littattafan daga sito kafin ruwan farko. Ba ma neman a gina sabon ɗaki. Akwai ajin da ba a amfani da shi kusa da ofishin malamai, idan kuma hakan bai yiwu ba, kabad mai makulli a bayan kowane aji ya wadatar. 'Yan Ƙungiyar Karatu mun ɗauki alkawarin mu za mu share, mu kakkaɓe, mu liƙe waɗanda suka yage, mu rubuta sunayensu a rajista, mu kuma riƙa kula da aro da dawowa a ƙarƙashin malamar da Hajiya ta zaɓa. Abin da muke buƙata izini ne da makulli.

Game da takardun taƙaitawa, muna roƙon a daina wajabta sayensu, kada kuma a ba da su sai bayan an gama karanta littafin, a matsayin bita.

Game da biki kuwa, muna roƙon a yi shi cikin tufafin makaranta, a harabar makaranta, da addu'a da nasiha da ba da kyaututtuka da ɗan abin taɓawa, a soke anko, a kuma mayar wa waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu ko a tambaye su ko za su bar wani abu domin littattafai. Mu 'yan aji shida mun amince kowace mai hali za ta bar wa makaranta littafi guda, sabo ko tsoho, ta rubuta wa ƙannenta 'yar wasiyya a bangonsa, wadda ba ta da hali kuma ba za a rubuta sunanta a ko'ina ba. Muna roƙon iyayenmu na Ƙungiya su isar da wannan kira ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, domin mun tabbata a cikinsu akwai malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa da za su so a tuna da su ta wannan hanya. Idan Hajiya ta amince, muna so makaranta ta riƙa raya ranar 23 ga Afrilu, wato ranar littafi ta duniya, ta gayyato marubuciya ko marubuci daga reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, na jiharmu su karanta mana su kuma saurari abin da muka rubuta. Wannan ba ya cin komai sai takardar gayyata da ruwan sha.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne a ba wakilanmu uku minti goma a taron iyaye da malamai mai zuwa, su yi bayani da bakinsu, su kuma amsa duk tambayar da iyayenmu ke da ita. Idan akwai dalilin da ya hana biyan wani daga cikin waɗannan buƙatu wanda mu ba mu sani ba, muna roƙon a sanar da mu a rubuce ko a taron safe kafin ƙarshen wannan zango, za mu saurara da kunnen basira. Mu 'yan aji shida watanni kaɗan suka rage mana, ko an dawo da darasin gobe kaɗan za mu samu, amma 'yan aji biyar da suka sa hannu tare da mu za su ci gaba da bibiyar maganar bayan fitarmu, kuma mun damƙa musu kwafin wannan wasiƙa da jerin sunayen littattafan da muka iya tunawa suna cikin kwalayen.

Idan akwai inda harshenmu ya zarce, muna neman afuwa irin ta iyaye ga 'ya'yansu. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da basira, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da mafificin alheri.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
Sakatariyar Ƙungiyar Karatu,
a madadin ɗaliban aji biyar da aji shida.